Zuwa ga Edita: Ba kowane ɗalibin da ya duƙufa kan waya ne ke wasa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan jarida tamu mai farin jini. Dan Allah ina roƙon ka ɗan sammin fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai kuma na ga in ban faɗe ta ba ba zan samu sukuni ba.

Maganar kuwa ita ce ta ɗaliban jami'a da kwalejoji da waɗannan shafuka na gajeren rubutu, irin su Twitter da yanzu ake ce ma X, da Threads da Bluesky da Mastodon. Duk inda ka zauna da iyaye ko wasu daga cikin malamai, da zarar an ambaci shafukan nan sai kaji an ce ai su ne suka kashe karatu, yara sun daina buɗe littafi sai danne-danne, kuma wallahi ni ban ce ƙarya suke ba gaba ɗaya, don na ga waɗanda abin ya cinye musu semista sukutum. Amma abin da ke damuna shine kullum rabin labarin ake bayarwa, ɗaya rabin kuma wanda ni na rayu a cikinsa tun ina aji biyu har yanzu da nake digiri na biyu ba wanda ke kawo shi, shi yasa har gobe za ka samu ɗalibi mai hazaƙa yana jin kunyar a ganshi a kai, ko kuma ya shiga ba tare da kowa ya nuna masa inda amfanin yake ba sai ya ɓige da bin masu faɗa da masu zagi.

Bari in fara da abin da ya faru dani, don gani ya kori ji. Lokacin da nake rubuta furojek ɗina na shekarar ƙarshe, a fannin nazarin ƙananan halittu, akwai wata maƙala guda ɗaya da kusan duk wanda na karanta sai ya ambace ta, na neme ta a laburare babu, na shiga intanet na same ta amma a kulle sai an biya kuɗi, kuma ba ni da halin biya. Kusan sati biyu ina zagaye. Rannan da daddare kawai sai na rubuta sunan matar da ta jagoranci binciken a wurin nema na Twitter, sai gata, farfesa ce a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Na rubuta mata layi uku, na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne da abin da nake nazari a kai, na roƙe ta ko za ta taimaka min da kwafi. Kwana biyu ba a cika ba ta turo min, kuma bata tsaya nan ba, ta tambaye ni wace hanya nake bi wajen gwajin nawa, da na faɗa mata sai ta ce in kula da wani mataki da yawancin masu farawa ke kuskure a kai, kuma wallahi daidai wurin nake kuskuren ban sani ba. Da na kai wa sifabaiza ɗina gyaran sai da ya tambaye ni wa ya nuna min. Malam Edita ka faɗa min, ta wace hanya ce ɗan aji huɗu da ba kowa ya sanshi ba zai yi magana da farfesan wata nahiya kai tsaye, ba sakatare ba jira a bakin ofis, in ba ta wannan ba? Daga baya ne ma na gane cewa masu bincike da yawa murna suke in aka nemi aikinsu, tunda dama kuɗin da ake biya na buɗe maƙalar nan kamfanin ɗab'i ne ke ci, ba su ba.

Toh wannan shine babban abin da nake so a gane. Bambancin shafukan nan da su WhatsApp shine, a guruf na WhatsApp waɗanda ka riga ka sani ne kawai kake tare da su, 'yan ajinku, abin da suka sani shi ka sani, abin da ya shige musu duhu kaima ya shige maka. Amma a shafin gajeren rubutu kana iya bin mutum ba sai ya bi ka ba, ba sai ya amince da kai a matsayin aboki ba, ƙofar a buɗe take. Ɗalibin lissafi na iya bin manyan masana lissafi, ɗalibar likitanci na iya bin likitocin da ke tattauna sabon bincike ranar da ya fito, ɗalibin shari'a na ganin lauyoyi suna fashin baƙin hukunci tun tawadar bata bushe ba. Littafin da ke hannunka a aji an rubuta shi ne shekaru kafin ka shigo makaranta, ba laifinsa bane, haka littafi yake, amma su waɗannan mutanen abin da suke kai yau da safe suke faɗa.

Sannan ga maganar gajartar kanta, wadda mutane ke rainawa suna cewa wane ilimi ne zai shiga cikin layi biyu. Asalin abin ma yana da dalili. Da Jack Dorsey da abokansa suka buɗe Twitter a 2006, ta saƙon tes na waya ake turawa, shi kuma tes harafi 160 yake ɗauka, sai suka ware 20 na sunan mai rubutu, aka bar wa saƙo 140. Sai a Nuwamba 2017 aka ninka ya koma 280. Bluesky 300 yake bayarwa, Threads da Mastodon 500. Ni kam wannan matsin shi ya koya min rubutu fiye da yadda nake zato. Akwai lokacin da na ɗora wa kaina cewa duk lakcar da aka yi, kafin in kwanta sai na rubuta ainihin abin da aka koyar a fos ɗaya tak, wato saƙo guda a shafin. Ka gwada kaga. In ka gane darasi za ka iya matse shi, in kuwa baka gane ba sai kaga kana ta zuba kalmomi sun cika sun wuce amma baka faɗi komai ba, a nan take za ka san cewa haddace handawut kayi ba fahimta ba, sai ka koma ka sake karantawa. Ranar jarabawa kuma da aka ce bayyana kaza a taƙaice, hannuna ya riga ya saba. Haka ranar da na zo rubuta taƙaitaccen bayanin farkon furojek, wanda ke wahalar da mutane da yawa don an ƙayyade yawan kalmomi, ban sha wuya ba. In kuma batun ya fi ƙarfin fos ɗaya akwai zare, ka jero su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai malaman da zare ɗaya nasu ya warware min abin da na yi wata guda ina kokawa dashi, saboda shi ma matsin ya tilasta masa ya zubar da duk wani dogon turanci ya faɗi gundarin magana.

Kar a ce ra'ayina ne kawai, an gwada abin a aji. A 2009 wata malamar tarihi a Jami'ar Texas da ke Dallas a Amurka, Monica Rankin, tana da ɗalibai kusan 90 a aji ɗaya, ta ga in dai ɗaga hannu za a yi mutum nawa ne za su samu magana kafin lokaci ya ƙare, kuma kullum su wane da wane ne dai. Sai ta sa suna rubuta ra'ayinsu a Twitter ana haskawa a allo kowa na gani. Waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba sai gasu suna tofa albarkacin bakinsu. Wannan ni ya taɓa ni sosai, don na san irin ɗaliban nan, na zauna kusa dasu, akwai wata a ajinmu da duk shekara huɗun nan ban taɓa jin muryarta a lakca ba, kunya ce da tsoron kar a yi mata dariya, amma in ka karanta abin da take rubutawa sai ka riƙe baki, ta fi masu surutun nesa ba kusa ba. Hausawa na cewa matambayi baya ɓata, amma fa sai in ya samu bakin tambayar, kuma akwai mutane da yawa da yatsunsu suka fi harshensu ƙarfin hali.

Sai kuma binciken Reynol Junco da abokan aikinsa biyu, Heiberger da Loken, da aka buga a 2011. Sun ɗauki ɗalibai 125 'yan shekarar farko masu shirin karatun fannin lafiya, 70 aka sa su amfani da Twitter wajen harkar kwas ɗin, tattauna littafi, tambayoyi, tunatarwa kan asaimen, haɗa rukunin karatu, sauran 55 kuma ba a sa su ba. Ƙarshen semista waɗanda suka yi amfani dashi sun fi shiga harkar karatun, kuma matsakaicin makinsu ya ɗara na ɗaya rukunin da kusan rabin maki, wanda duk wanda ya taɓa lissafin GPA ya san rabin maki ba wasa bane. Amma ga inda nake so malamai su saurara da kyau. Da Junco ya sake bibiyar abin daga baya, sai ya gano cewa inda aka bar ɗalibai kawai aka ce wanda ya ga dama ya yi, malami kuma bai shiga ciki yana amsa su ba, ba a ga wannan ribar ba. Kenan sirrin ba a manhajar yake ba, a malamin da ya shigo ya tsara abin yake. Toh in haka ne, malamin da ya tsaya daga nesa yana tsine wa waya, shi da kansa ne ya janye abin da zai sa wayar ta yi amfani.

Ban ma zo kan maganar damarmaki ba, wadda ita ce ta fi shafar rayuwar mutum bayan ya gama. Tallafin karatu, gurbin koyon aiki, gasar rubutu, taron masana da ake ɗaukar nauyin ɗalibai, kwas na kyauta, farfesan da ke neman ɗalibin digiri na uku a ɗakin bincikensa, wallahi da yawansu a nan ake fara sanarwa, wani lokacin shi mai neman da kansa ne zai rubuta ina neman mutum kaza, ga linki. Kafin takardar ta iso allon sanarwa na dipatmen, in ma ta iso, wa'adi ya wuce ko saura kwana biyu. Kuma ba sanarwar kaɗai ba, za ka samu waɗanda suka ci tallafin bara suna bayanin yadda suka rubuta takardar neman, abin da aka tambaye su a intabiyu, kuskuren da suka yi a karon farko, kyauta ba ko sisi. Abokina da muka gama tare ta haka ya samu gurbin da yake yanzu, kuma ba wai ya fi kowa ƙoƙari a ajin bane, akwai waɗanda suka fi shi maki, bambancin kawai shi ya ji labari su basu ji ba. Wannan abin yana min ciwo har yau in na tuna, mutum ya yi shekara huɗu yana kwana kan littafi sannan dama ta wuce shi don kawai an ce masa wurin nan na 'yan wasa ne.

Ita kuma alamar nan ta # da ake sawa gaban kalma, wadda wani Chris Messina ya kawo shawararta a Agusta 2007, ita ke tara masu abu ɗaya wuri guda. Masu digiri na uku na da tasu, #PhDChat, kusan kowane fanni na da tasa, kuma in ana babban taron masana a wata ƙasa sai kaga mahalarta na rubuto abin da ake faɗa a zauren kai tsaye, kai kana ɗakinka kana bi kamar kana ciki. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, kaɗaici. Wanda bai yi rubutun bincike ba ba zai gane yadda mutum ke ji ba in gwaji ya ƙi fitowa karo na biyar, ka fara tunanin ko kai ne dai baka da kai. Sai ka shiga kaga wani babban masani da kake ganin ya gama komai yana cewa an dawo masa da maƙalarsa an ƙi bugawa, yana bayanin yadda zai gyara. Sai zuciyarka ta yi sanyi ka koma kan aikinka.

Yanzu bari in faɗi ɗaya ɓangaren don kar a ce na rufe ido. Shafukan nan ba don Allah aka gina su ba, kasuwanci ne, Elon Musk dala biliyan 44 ya zuba ya sayi Twitter a Oktoba 2022 kafin ya canza masa suna a Yuli 2023, kuma ribar masu irin wannan harka na cikin daɗewar da kayi kana kallo, shi yasa manhajar ke turo maka abin da zai tunzura ka ba abin da zai amfane ka ba. Ga ƙarya. Masu bincike a MIT sun duba labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2018, suka gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin tafiya, har ya kan kai ga mutum 1,500 cikin saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida, kuma mutane ne ke yaɗawa ba wai na'urori kaɗai ba. Ga 'yan damfara masu tallan tallafin karatu na bogi su ce ka turo kuɗin fom. Ga cin mutunci, musamman ga ɗalibai mata, wanda na ga ya kori mutane masu amfani da yawa daga wurin. Sannan magana zarar bunu ce, abin da ka rubuta kana aji ɗaya cikin fushi, ko ka goge wani ya riga ya ɗauki sikirinshot, bayan shekara biyar mai ɗaukar aiki ya binciko sunanka ya ganshi. Duk wannan gaskiya ne kuma ban raina ko ɗaya ba.

Amma dai ku duba, duk abin da na lissafa ɗin nan abu ne da ake koya wa mutum yadda zai kare kansa, kuma cikin awa ɗaya za a iya. Ni ba wanda ya koya min, sai da na ɓata kusan shekara guda ina bin shirme kafin na gane cewa wanda ka bi shi ke yanke abin da za ka gani, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Rannan na zauna na sauke kusan duk waɗanda nake bi, na koma na ɗauko jerin sunayen da ke bayan handawut da littattafanmu, na dinga neman marubutan ɗaya bayan ɗaya, wanda na samu in bi shi, in kuma duba su wa shi yake bi. Na haɗa su a lis guda, in na shiga lis ɗin kawai nake buɗewa ba babban shafin da manhaja ke cusa min abin da take so ba. Na kashe notifikeshin gaba ɗaya, na sa wa wasu kalmomi takunkumi don kar in gansu, mai zagi kuma ba na amsa masa, bulok kawai. Duk abin da na gani na ilimi ba na ɗauka sai na bi linki na ga asalin inda ya fito, don fos ba madogara bace, ba za ka sa shi a furojek ba, ɗan manuni ne kawai da ke nuna maka inda madogarar take. Tallafin da aka ce sai ka biya kafin a duba takardarka kuma, ka je shafin jami'ar ko hukumar da kanta ka tabbatar tukuna. Lokacin jarabawa ma cire manhajar nake daga wayar ɗungurungum sai an gama.

Wani zai ce ai tunda aka sayar da Twitter masana da yawa sun watse, kuma haka ne, wasu sun koma Mastodon da Eugen Rochko ya ƙirƙira a 2016, wasu Bluesky, wasu Threads na kamfanin Meta, har yanzu wasu na nan X basu motsa ba. Wannan ya ƙara wahala kam, don da wuri ɗaya za ka same su yanzu sai ka leƙa biyu ko uku. Amma ni ba kamfani nake karewa ba, ko gobe X ya rufe ba abin da ya dame ni, ɗalibi ya tambaya ina mutanen fanninsa suka koma ya bi su can.

Roƙona ga iyaye, dan Allah kafin a yanke wa yaro hukunci a ce ya nuna muku su wa yake bi, minti biyar ya isa ku gane ko karatu yake ko shiririta. Malamai kuma, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu, ina roƙon ko da a makon wayar da kan sabbin ɗalibai ne, yadda ake zagayawa dasu a nuna musu laburare, a ware awa ɗaya a nuna musu wannan ma, kowane dipatmen ya fitar da sunayen masana ashirin ko talatin na fanninsa da ya kamata ɗalibi ya bi, a koya musu yadda ake rubuta wa babban mutum saƙo cikin ladabi da taƙaitawa, da abin da bai kamata su rubuta da sunansu ba.

Kai kuma Malam Edita, in da hali, ina so jaridar nan ta buɗe ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, ɗalibai da malaman da suka gwada abin su rubuto yadda suka yi, wanda ya amfana da wanda ya ƙone duka, in an buɗe ni zan fara turo jerin matakan da na bi wajen gyara nawa shafin.

Na gode da wannan dama, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Wani ɗalibin digiri na biyu, mai karanta jaridarku kullum